Tsakuwa a matsarmama: yaya zan yi kafin ranar tiyata ta zo?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 37, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a firamare. Na daɗe ina fama da ciwo a gefen cikina na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, yana harbawa har baya. Mai kemis ya ce olsa ce, na sha magani har na gaji. Da aka yi mini hoton ciki sai aka ce tsakuwa ce a matsarmama, kuma sai an cire matsarmamar gaba ɗaya. An ba ni rana, aka ɗaga, yanzu an ce sai nan da wata uku ko huɗu, kuma kuɗin ma ba mu gama haɗawa ba.

Anti, abinci ya zame mini abin tsoro. Duk ranar da na ci ƙosai ko shinkafa da mai da yaji, daren nan ba barci, sai murƙususu da amai. Yanzu daga koko sai biredi, na rame har ana tambayata ko lafiya. Gida ɗaya muke da uwargidana, tukunya ɗaya, kowa da ranar girkinta, ita kuma tana da hannun mai. Da na daina cin abincinta sai ta ce zarginta nake yi, yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Hajiya mahaifiyar maigida ta ce ba za a yanka ni ba, don ƙanwarta a ɗakin tiyata ta rasu. Ta kawo mini man zaitun da lemon tsami, ta ce in shanye kofi guda da dare, wai wata ta sha duwatsun suka fito. Maigida yana tsakiya, in ciwon ya lafa sai ya ce, "Ga shi kin samu sauƙi, ko a bar maganar aikin nan?" Ga azumi yana matsowa. Ni kaina ina tsoron tiyatar, ina kuma tsoron kada wani dare abin ya fashe a cikina. Me zan ci? In sha haɗin Hajiya? Yaya zan yi da mutanen gida?

'Yar'uwarki daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Wannan ciwo yana da wahalar bayani ga wanda bai ɗanɗana ba, domin zuwa yake yi ya tafi. Da dare kina durƙushe kina riƙe da gefen ciki, da safe kin tashi kin shirya yara makaranta, sai mai kallo ya ɗauka ba wani abu ba ne. Ni na yarda da ke. Kuma tun kafin in yi nisa, ga amsar abu biyu da ba sa jira: kada ki sha kofin man nan, kuma kada a bar maganar aikin. Abin da ya rage shi ne yadda za ki kai ranar tiyatar da ƙarfinki, gidanki kuma bai watse ba.

Duk macen da ta taɓa gyara kaza ta san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ta mutum ma a nan take, ƙarƙashin hanta ta dama. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba. Hanta ce ke yin sa dare da rana, matsarmama ajiya kawai take yi, ta kaurara shi. Da zarar abinci mai maiƙo ya shiga hanji, sai ta matse ta turo ruwan don a narkar da man. In akwai tsakuwa a ciki, wannan matsewar kan ingiza ta ta toshe bakin jakar. Jaka na matsawa, hanya a toshe, shi ne azabar da kike ji har allon kafaɗa. Yakan ɗauki daga rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i, in tsakuwar ta koma ciki sai ya ɗauke ɗif. Wannan lafawar ce maigida yake gani ya ce kin samu sauƙi. Tsakuwar tana nan inda take, matsawa kawai ta yi daga bakin hanya.

Ki kuma cire wa ranki cewa ke kika jawo ko wani ya jawo miki. Ba tsakuwar shinkafa ko ta wake ce ta taru ba, ba kuma hannun kowa a ciki. A cikin ruwan ɗacin take ƙulluwa, mafi yawa daga kitsen nan da ake kira kwalastaral, wasu kuma daga ragowar ƙwayoyin jinin da suka farfashe, shi ya sa masu sikila ke yawan samunta tun suna ƙanana. Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da dama da waɗanda suka doshi 40. Mutane da yawa suna ɗauke da ita har ƙarshen rayuwa ba su sani ba, irin wannan kuwa likitoci ba sa taɓawa. Amma wadda ta fara ciwo, ta kuma maimaita kamar taki, da wuya ta yi shiru don kanta.

Abin da zan faɗa yanzu ina so ki karanta sau biyu, ki kuma karanta wa maigida da uwargidanki. Akwai ciwon da ake jurewa a gida, akwai wanda ba a kwana da shi. In ciwon ya wuce sa'a 6 bai sassauta ba, ko ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko farin idonki ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ko amai ya ƙi tsayawa har ruwa ba ya zama, ko ciwon ya koma tsakiyar ciki yana ratsawa har gadon baya, to ba jiran safiya, ba kemis, ba jiran ranar da aka rubuta miki a kati. Sashen gaggawa na asibiti, a wannan daren. Ciwo mai daɗewa da zazzaɓi yana nufin matsarmamar ta kumbura, ƙwayar cuta ta shiga. Rawayar ido tana nufin tsakuwa ta fita daga jakar ta toshe babban bututun da ke kai ruwan ɗaci hanji. Ciwon da ke ratsawa baya kuma kan nuna ta taɓa fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Inda nake jiye miki tsoro shi ne al'adarmu: kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod, kowace rawayar ido ciwon shawara ce, sai a jiƙo saiwa da sassaƙe a ce a ba shi kwana uku a gani. A wurin mai tsakuwa, zazzaɓi da rawayar ido in sun haɗu, kwana uku ya yi yawa, cutar na iya bin jini cikin ɗan lokaci kaɗan. In kina da ciwon suga ma ki ƙara saurin tafiya, domin alamun kan zo a sanyaye alhali abin ya yi nisa.

Game da fashewar da ke hana ki barci, ki kwantar da hankalinki. Matsarmama ba ta fashewa haka kawai mutum yana zaune lafiya. In hakan ya faru, kuma ba kasafai ba ne, yakan biyo bayan kumburin da aka yi kwanaki ana jinya a gida. Wato alamun da na lissafa su ne gargaɗin, wanda ya amsa gargaɗin da wuri ya yi nesa da abin da kike tsoro. Don haka ki yi shirin dare tun da rana. Katin asibiti, takardar hoton ciki da sakamakon gwajin jini su zauna a jaka ɗaya, ki kuma ɗauke su hoto a waya. A ajiye lambar mai adaidaita ko maƙwabci mai mota da aka riga aka yi magana da shi, da ɗan kuɗin da ba a taɓawa ko cefane ya yanke. A san wa zai zauna da yara.

In kuwa ciwon da kika saba ne ya taso, abu na farko ki duba agogo, don ki san yaushe sa'a 6 ta cika. Ki dakatar da abinci, ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ki naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma ki ɗora a wurin. Maganin kashe zafi kuma likitanki ya rubuta miki tun yanzu, ya zauna a gida. Farasitamol kada ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a cikin sa'a 24. Diklofenak da danginsa suna aiki sosai a kan wannan ciwo, amma suna da illa ga mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu, ke kuwa an daɗe ana ce miki olsa, kuma mutum na iya haɗa biyun, don haka ki tambaya kafin ki sha. Allurar kemis da tiramol ki yi nesa da su. Sukan rufe ciwon ne har lokacin da ya kamata a tafi asibiti ya wuce.

Sai abinci. Koko da biredi kaɗai cutar da ke suke yi. Rama da sauri tana sa hanta ta ƙara zuba kwalastaral a ruwan ɗaci, sababbin tsakuwoyi su ƙullu, kuma matsarmamar da ba ta samun abin da zai motsa ta sai ruwan cikinta ya kwanta ya yi kauri. Sannan in ranar aiki ta zo aka auna jininki aka ga ya yi ƙasa, za a iya sake ɗaga miki, ga rauni ba ya saurin warkewa a jikin da ya sha yunwa. Abin da ake so shi ne a rage mai sosai, ba a daina ci ba. Kuma ki sani, wannan kiyayewa tana rage tashin ciwon ne, ba ta narkar da tsakuwar.

Ki ajiye suya gefe na waɗannan watanni: ƙosai, fanke, soyayyar awara, wainar da ke ninkaya a mai, soyayyar doya da ƙwai, cincin da dubulan. Haka man shanu a kan tuwo, kitsen balangu, tsiren da aka yi wa wanka da man gyaɗa, fatar kaza, da miyar agushi ko ta gyaɗa mai kauri. Amma dubi abin da ya rage miki, ya fi abin da aka hana yawa. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da daddawa da busasshen kifi, ba ya buƙatar mai kafin ya yi daɗi. Ga faten tsaki ko na acca da alayyafo da yakuwa, ga alale da ɗan mai kaɗan, ga dambu da zogale, dafaffen dankali, dafaffen wake, farfesun kifi ko na kazar da aka cire wa fata, jan nama da aka yanke wa kitse. In kin yi farfesu ki bar shi ya ɗan huce, man zai taso sama, ki kwashe da cokali. Wurin fura ki nemi nono, wanda aka riga aka kaɗe aka cire masa man shanu, ki bar kindirmo da ke ɗauke da mansa duka. Gwanda, kankana, lemo da ayaba duk naki ne. Mai kuma ki daina zubawa daga bakin kwalba, ki auna da ƙaramin cokalin shayi, ɗaya a kwanonki ya isa.

Ki ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana maimakon ki tara yunwa ki cika ciki lokaci guda. Kada ki fita makaranta ba ki karya ba, ki tafi da ɗan abin da za ki ci lokacin tara. Abincin dare ya zama mara nauyi, ki ci da wuri, kusa da Magariba, tunda da dare abin ya fi tasar miki. Ki kuma samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da ranar da ciwon ya tashi da tsawon da ya yi. Jiki ya bambanta, wata ƙwai ke tayar mata, wata gyaɗa. Littafin nan zai sake yi miki amfani a gaban likita, zan dawo kansa.

Maganar uwargidanki ta fi taɓa ni, domin na ga mutum biyu da ba wanda ya yi laifi a cikinsu. A gidajenmu, mace ta ƙi cin abincin abokiyar zamanta magana ce babba ko ba a furta komai ba. Ita ta ga kwanonta yana dawowa a rufe, ta ga kina ramewa, ta san abin da maƙwabta za su raɗa. Jin zafinta yana kan hanya. Ke kuma tsoron azaba ne ya hana ki, ba zargi ba. To kada ki aiki maigida, kada ki bari a ji a bakin yara. Ke ce ƙarama, ki shiga ɗakinta da kanki lokacin da ba kowa, da takardar asibitin a hannu, ki ce mata, "Yaya, wallahi ba abincinki nake gudu ba, ko girkina ne in na sa mai haka yake yi mini. Taimako na zo nema. In kin zo zuba mai, don Allah ki ɗebar mini nawa tukuna." Abin da sauƙi a aikace. Shinkafa da wake da ɗanwake dama a kwano ake zuba musu mai, miyar kuka a ƙarshe ake sa mata man shanu. Miyar da ake fara soyawa ce kaɗai za a ɗebar miki markaɗen a tafasa a ƙaramar tukunya. Ki ci abin da ta ɗebar miki a gabanta, a tsakar gida, kowa ya gani. Ranar girkinki kuma kada ki hana mutanen gida mansu don ke ba ki ci.

In da hali, ki roƙe ta ta raka ki asibiti ranar ganin likita, ta ji da kunnenta. Ita ce za ta tashi in ciwo ya kama ki da tsakar dare maigida ba ya nan, kuma a hannunta za ki bar 'ya'yanki ranar da aka ba ki gado. Idan kin yi duk wannan ta ƙi saukowa, sai maigida ya tara ku ya faɗa da bakinsa cewa umarnin likita ne, a ba ki damar ɗora 'yar tukunyarki har a yi aikin. Amma ki fara gwada ta farkon, ina kyautata zaton za ta isa.

Hajiya kuwa ƙauna ce ta sa ta ɗauko kwalbar nan ta kawo miki, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Kada ki yi mata gardama a kan ƙanwarta. Sai dai haɗin yana da haɗari na gaske. Kofi guda na mai shi ne abin da zai sa matsarmama ta matse iya ƙarfinta, ke da ƙosai kaɗan ke kwantar da ke. Yana iya tura tsakuwa cikin bututun nan, a wayi gari a sashen gaggawa. Korayen dunƙulen da mutane ke gani a bayan gida washegari kuma ba duwatsu ba ne. Man ne da ruwan lemon da ruwan narkar da abinci suka haɗu a hanji suka daskare kamar sabulu, in an ɗumama su narkewa suke yi, in an sake hoton ciki sai a tarar da tsakuwar tana nan. Mutane kuma kan rikita ta da tsakuwar ƙoda, wadda ƙaramarta kan fita ta fitsari in an sha ruwa da yawa. Ta matsarmama ba ta da hanyar fitsari. Ko ƙwayar asibiti da ke narkar da ita, ƙananan tsakuwoyin kwalastaral kaɗai take ci, a sha wata da watanni har zuwa shekara biyu, in an daina kuma sau da yawa su dawo. Ba raina zaitun nake yi ba, itace ne mai albarka, ƙaramin cokali a abinci ba laifi. Yawan ne matsalar.

Ba ke za ki faɗa wa Hajiya a'a ba, ɗanta ne. Ke ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce likita ya hana mai kowane iri har sai an yi aiki, sannan ki ba ta abin da za ta riƙe: ta yi miki addu'a, ta yi miki tofi a ruwa, ta sa a yi sadaka ranar aikin. Duk wannan ki karɓa da zuciya ɗaya, ba ya karo da asibiti, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani. Shi kuma maigida ya zauna da ita ya nuna mata cewa aikin da aka shirya, aka auna jini da zuciya, mara lafiya ta shiga da ƙafarta, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda za a yi a gigice bayan ciki ya kumbura. Ƙin aikin ba ya kawar da wuƙar likita, sai dai ya mayar da ita ta gaggawa. Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1882 wani likita mai suna Carl Langenbuch ya fara cire matsarmama a Balin ta ƙasar Jamus, a 1985 kuma aka fara yi ta ƙananan huji da kyamara, yau yana cikin ayyukan tiyatar da aka fi yi a duniya. In Hajiya za ta yarda ta je ta yi wa likitan tambayoyinta da kanta, ya fi.

Shi maigida, ina zaton abu biyu ne suka haɗe masa, kuɗi da kunyar mahaifiya, sai lafawar ciwon ta ba shi mafaka. Kada ki tayar da maganar kina cikin ciwo ko yana gajiye. Ki zaɓi lokacin natsuwa ki nuna masa lissafin yadda yake: kuɗin kemis, ƙarin ruwa, motar dare da ranakun da ba ki je aiki ba suna cin kuɗin tiyatar ne a hankali, kwanciyar gaggawa guda kuma na iya lashe abin da kuka tara. Sannan ku bi ƙofofin da ke akwai. Ke malama ce, ki bincika ko sunanki yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na ma'aikatan jiha ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, da kason da suke ɗauka. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba masu ƙaramin ƙarfi. In kina adashe, ki roƙi a ba ki ɗauka da wuri. 'Yan'uwanki ma su sani, ba abin kunya ba ne. Ku tambayi kuɗin aikin iri biyu, na huji da na buɗe ciki. Na huji yanka uku ko huɗu ne ƙanana, a sallami mutum a ranar ko washegari, ya koma harkokinsa cikin kamar mako biyu. Na buɗe ciki kwana 3 zuwa 5 ne a asibiti, warkewa mako 6 zuwa 8. Duka biyun magani ne cikakke, kuma wani lokaci likita kan fara da huji ya koma buɗewa in ya ga hakan ya fi aminci. In na buɗewar ne kuke iyawa kuma ya fi kusa, ba na ganin hikimar tsawaita jira don na huji, amma ku yanke tare da likitan.

Kada kuma ki koma gida ki naɗe hannu sai ranar da aka ba ki. Layin tiyata yana motsi, ana duba wanda ya fi matsuwa. Ki je ranar ganin likita da littafin nan naki, ki nuna masa sau nawa ciwon ya tashi, ki faɗi irin ramar da kika yi. Ki bar lambarki wurin nas, ki ce a shirye kike in wani ya fasa. Ki gama gwaje-gwajen da aka rubuta da wuri, a tanadi wanda zai ba da jini in an nema. In jiran ya ƙara tsawo, ki nemi takardar tura ki wani asibitin da layinsa ya fi gajarta. Duk ranar da aka kwantar da ke a gaggawa, ki tabbata likitocin tiyatarki sun sani, domin hakan kan sa a matso da aikin.

Azumi kuma, Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Doguwar yunwa tana kaurara ruwan ɗaci, sai kuma a buɗe baki da ƙosai da soyayyar doya, haɗin da ya fi kowane tayar da wannan ciwo. Ki tambayi likitanki kai tsaye ko za ki iya. In ya ce ki sha, ki sha ba tare da jin nauyi ba, ki rama bayan kin warke. In ya ce ki gwada, kada ki bar sahur, ki buɗe baki da dabino da ruwa da kunun tsamiya, ki yi sallah, sannan ki ci abinci mara mai a hankali. Ranar da ciwo ko amai ya taso ki karya. Azumin nafila ki jinkirta shi tukuna. Wani abu kuma da ba ki tambaya ba: juna biyu yana ƙara tayar da tsakuwa, yana kuma iya sauya lokacin aikin. Ku yi magana da maigida a dakata har a gama, ki faɗa wa likita irin maganin tazarar haihuwa da kike amfani da shi, domin masu sinadarin istirojin suna da alaƙa da wannan tsakuwa. In kin yi ɓatan wata, ki sanar da su nan take.

Tsoron tiyatar da kike ji ba rashin tawakkali ba ne. Aikin yana da nasa haɗarin kamar kowane aiki, zubar jini, ciwon rauni, da taɓa bututun ɗaci wanda ba kasafai yake faruwa ba, kuma haƙƙinki ne likita ya yi miki bayaninsu kafin ki sa hannu. Ki rubuta tambayoyinki a takarda, don a gaban likita mutum kan manta. Ana cire jakar duka ne saboda in an kwashe tsakuwar kaɗai wata za ta sake ƙulluwa. Bayan an cire, hanta za ta ci gaba da aikinta, ruwan ɗacin ya riƙa gangarawa hanji kai tsaye. Wasu kan yi ɗan sakin ciki ko kumburin ciki na makonni, yawanci ya daidaita, mafi yawan mutane kuma su koma cin abincinsu, su yi azumi, su haihu. Tun yanzu ki sanar da shugaban makarantarku don a shirya wanda zai riƙe miki aji, ki kuma nemi 'yar'uwar da za ta zauna da ke makon farko, saboda ɗaukar bokitin ruwa, daka da goyo duk za su jira sai likita ya ba da izini. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki.